Shanun da Sajo Bai Bari Sun Yi Mushe Ba

Duk wanda ya yi hulɗa da karar shanun Potiskum a farkon shekarun casa'in zai tuna Sajo, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu tun ranar da wani bijimi ya matse shi a jikin bodin tirela. Ba shi da yawan magana, Hausar tasa ma har ya manyanta ba ta gama miƙewa ba. Namiji ya ce "ta zo", mace ya ce "ya tafi", 'yan kara su yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

A ruga aka haife shi, arewa da Nangere, ya tashi a bayan shanun mahaifinsa. Annobar shanu ta farkon shekarun tamanin ce ta koro shi gari. Cikin damina ɗaya garken da ake kora da sanda uku ya koma abin da mutum ɗaya zai ja da igiya. Ya sayar da ragowar, ya sayi gona a hanyar Nangere da wani ɗan gida a Potiskum, ya ajiye matarsa Hussaina da 'ya'yansu. Gonar ita ce cinsu. Gero da wake take ba su, in damina ta yi kyau har su kai wata kakar ba su auna hatsi a kasuwa ba.

Aikin da ya samu a kara shi ne rakiyar shanu zuwa Kurmi. Wanda bai taɓa yi ba, ba zai gane wahalarsa ba. Ana loda shanu a tirela, a ɗaure ƙahonninsu a jikin ƙarfe, mai rakiya ya hau can sama a kan katako ya zauna, rana da ruwa duk nasa ne har Legas ko Anaca. In saniya ta gaji ta kwanta, dole ya dira cikinsu mota tana gudu ya tayar da ita kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Sajo ya yi shekaru yana wannan, bai taɓa dawowa da labarin ƙarya ba. Abin da aka sayar shi yake faɗa, abin da ya mutu a hanya shi yake faɗa.

Wannan hali ne ya sauko da shi daga kan katako. Masu kiwon turke, irin mutanen da ke ɗaure sa ɗaya ko biyu a bayan ɗaki suna ɗura masa dusa da harawa, sun gaji da yadda dillalai ke yi musu wayo a kara. Sai suka fara cewa Sajo ya haɗa da nasu ya kai Kurmi, inda farashi ya fi. A hankali ya zama mai lodin kansa. Rabin mota nasa da na abokin cinikinsa, rabi na mutanen da ba su da komai a duniya sai wannan san. Jarinsa na gaskiya dai maganarsa ce, kuma ya san haka.

Bayan an ƙirƙiro jihar Yobe, gari ya cika da sababbin ofisoshi da masu ɗaura lakataya. A cikinsu har da Kashim, ɗan gari ne, asalin iyayensa Borno. Ya kama shago kusa da tasha, ya kafa allo mai hoton laima, ya zama wakilin wani kamfanin inshora da ke Legas. Inshorar mota yake sayarwa, da ta gida, da ta gona, da ta shago da kayan fatauci. Malaman gari sun rabu a kansa, wasu suka ce caca ce, wasu suka ce taimakekeniya ce da aka sa wa kwat. A yi wa Kashim adalci, ba ɓarawo ba ne. An kai shi kwas Jos an karanta masa abu, ya haddace, ya gaskata, ya dawo yana faɗa wa mutane da zuciya ɗaya.

Tsakanin Babarbare da Bafillace kuwa akwai wasa, kuma ta nan ya shiga wa Sajo. Kullum ya gan shi a kara sai ya ɗaga murya.

"Bawana! Har yanzu kana yawo da dukiyar mutane a kan taya ba laima?"

"Kai Kolejo, rabu da ni," in ji Sajo, don haka Fulani ke kiran Babarbare. "Laiman Allah ya ishe ni."

"Allah ne ya ba mu dabara ai. Ka ba da ɗan abu kaɗan. In mota ta faɗi, kamfani ya biya kowane sa, har na tsohuwar da ba ta san hanyar Legas ba. In gobara ta ci gonarka, kamfani ya biya."

Sajo ya daɗe yana juya maganar. A bara ya ga wani abokin sana'arsa da motarsa ta kife, ya ga yadda masu shanu suka ja shi gaban alƙali, mutumin da ake gaisarwa da girma ya koma yana ɓuya a bayan rumfuna. Wannan yake tsoro, ba talauci ba. Kuma a ganinsa abokin wasa ba ya cutar ka. Ya sa hannu a aljihu ya yi wa lodinsa inshora, Kashim ya lallaɓe shi ya haɗa har da gonar.

Daga nan ne ya yi abin da bai saba ba, ya yi alkawari. Ya bi gidajen masu turke yana cewa, "Yanzu ko mota ya faɗi, sanku bai faɗi ba. Ni na ce." Mutane ba su san kamfani ba, ba su san Legas ba. Sajo suka sani, kuma shi suka ji.

Wadda ta fi wuyar shawowa ita ce Ya Kaka, wata tsohuwa Babarbariya a Mamudo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun yi nisa, ita kaɗai ce a gidan sai wani jan sa da ta yi damina uku tana kiwo. Alhaji take kiransa, wai don ba ya komai sai ci da kwanciya. Da bayanta ta yi kiwonsa, ita ke yankan ciyawa, ita ke bin masu surfe tana roƙon dusa, ita ke jan ruwa. Rufin ɗakinta ya ruɓe, in ana ruwa a zaune take kwana da ƙwarya a cinya. Burinta ta sa kwano ta kuma ajiye hatsin da zai kai ta, ta huta da kiwo.

"Fulata," ta ce masa, "in ka salwantar mini da Alhaji, kai zan ɗaure a turken."

"Ya Kaka, in ya salwanta ki ɗaure ni. Amma ba ya salwanta. Akwai laima."

Ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa masa.

Ranar kasuwa aka yi lodi, motar ta tashi bayan azahar ta ɗauki hanyar Bauchi. Ba su yi wata tafiyar kirki ba tayar gaba ta fashe a wani gangare. Direba ya yi iya yinsa, motar ta ƙwace, ta sauka daga titi ta kwanta a gefenta kusa da wani ɗan ƙauye. Mutane sun tsira da ƙujewa da targaɗe. Shanu ne suka ji jiki. 'Yan kaɗan suka tsinke igiya suka miƙe, sauran suna jibge a kan juna, wani ƙafa ta karye, wani ƙaho ya huda masa ciki, sai nishi da kuka.

Kafin Sajo ya gama tantance sama da ƙasa, ƙauyen ya fito. Ba wanda ya kira su, ba wanda ya tsaya tambayar na wane ne. Maza suka zo da wuƙaƙe da igiyoyi, mata suka biyo da ruwa. Limamin ƙauyen yana tafe yana naɗe hannun riga yana cewa, "Ku yi sauri, jama'a, kada su yi mushe!" Abin da kowane Musulmi zai yi ke nan, daga nan har inda ƙasa ta ƙare. Dabba tana shan azaba, rai yana shirin fita, ka taimaka mata da wuƙa, ka ceci naman ya zama halal. Yaro ma da ya ga akuyar gidansu ta faɗi, wuƙa yake gudu ya ɗauko.

Aka riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya, a juya su gabas, a yi bismillah a yanka. Sajo ya sami Alhaji a can ƙasa, bayansa ya karye, yana ta ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba. Bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Ya dafa masa wuya ya yi masa magana da Fillanci har ya lafa, sannan ya yanka shi da hannunsa.

Nama ba ya jiran kowa a wannan zafin. Mahautan ƙauyukan kusa suka zo suka saya a wulaƙance, don sun san ba shi da zaɓi, abin da ya rage aka rabar sadaka gida gida. Abin da ya shigo hannun Sajo bai ko isa kuɗin motar da ta janye tirelar da jinyar direba ba. Amma hankalinsa a kwance yake. Da gari ya waye ya tafi shagon Kashim da ɗaurin tsumma a goshi.

Kashim har da tafa hannu. "Alhamdu lillahi da ba a rasa rai ba. Bawana, yau garin nan zai ga amfanin inshora. Bari in buga waya."

Aka buga waya, aka jira. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Wai jami'in da ke duba ɓarna yana Kaduna, ga wahalar mai, ga wasu ayyukan a gabansa. Da ya ga dama ya iso, wani mutum ne mai tsabta da kyamara a wuya, ba ya jin Hausa, Kashim ke yi masa tafinta. Suka je wurin. Ya ɗauki hoton gangaren, ya ɗauki hoton fasasshiyar tayar, ya dubi ƙasa ya ga ba komai sai busasshen jini da kashin shanu. Ya yi tambaya, Kashim ya juya ta.

"Wai ina gawarwakin shanun?"

Sajo ya ɗauka bai ji daidai ba. "Gawa kuma? Ai mun yanka."

"Wai wa ya yanka?"

"Ni da jama'a. Da liman."

"Wai lokacin da kuka sa wuƙa, suna da rai?"

Sajo har ya ji haushin tambayar. "Subhanallahi! To da matacce za mu yanka? Duk da ransu. Ko ɗaya bai wuce mu ba."

Ya faɗi haka ne da alfahari. Kashim ya juya maganar zuwa Turanci, muryarsa tana raguwa tun kafin ya kai ƙarshe. Jami'in ya rubuta, ya rufe kyamararsa, ya yi bayani a natse kamar mai karanta farashin kaya. Kamfani yana biyan dabbar da haɗari ya kashe. Waɗannan kuwa, da bakin mai su, ba haɗari ne ya kashe su ba, wuƙarsa ce. Kuma ya rabar da naman kafin kamfani ya gani. Da ya bar su a inda suke har sun mutu da kansu, ya tsare gawar har a zo a duba, da an biya shi duka.

A duba wannan magana, don Allah. Mutum ya zauna a gefen titi, ya naɗe hannu, yana kallon shanu sama da ashirin suna birgima da karyayyun ƙafafu har rai ya fita. Ya hana ƙauye guda kusantar su. Ya yi gadin mushe sati biyu a rana, yana korar ungulu da karnuka, har mai kyamara ya sami mai a motarsa. Wannan shi ne mutumin kirki a wurin kamfanin, shi ne ya cancanci diyya. Sun zo garin da ke loda shanu fiye da ko'ina a ƙasar nan, sun karɓi kuɗin Musulmi makiyayi, ba wanda a cikinsu ya tsaya ya tambayi me ake yi a nan in saniya ta faɗi. Ko kuwa sun sani sarai, shi ya sa suka yi shiru. Abin da ya fi ciwo shi ne ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya zage shi. Cikin ladabi aka yi masa, har da ba shi hannu.

Labari ya riga shi isa gida. Masu turke suka fara zuwa jaje, su zauna a zaure su yi addu'a, su yi shiru. Ba wanda ya ce ina sana, kuma wannan shirun ya fi masa zagi zafi. Ya Kaka ba ta zo ba, ta aiko da gaisuwa kawai, ta ce a tambaye shi goshin. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.

Kashim ya rame kamar shi aka yi wa asarar. Ya yi ta safa da marwa tsakanin Potiskum da ofishin shiyya, har wata rana ya zo da la'asar ya ja Sajo gefe.

"Akwai hanya ɗaya. Manaja ya ce in za ka canza magana, ka ce ka ruɗe ne ranar, shanun sun riga sun mutu kafin a sa wuƙa, zai tura a sake dubawa. Sai dai ana son shaidar Bulaman ƙauyen da limaminsu."

"Su ce me?"

"Su ce haka aka yi. Malam Sajo, mutanen Legas ba ruwansu da wane ne ya ci me. Magana ce kawai."

"Wato in ce na ciyar da Musulmi mushe. Su kuma su ce sun ci."

Kashim ya sunkuyar da kai. "Ka tuna tsohuwar nan ta Mamudo."

Ya tuna ta, ai ba ya tunanin komai sai ita. Ya gaya wa Hussaina, tana tankaɗe ta ce ita dai ta san in ba kamfani ya biya ba, gonar ce za ta biya, kuma yara ba sa cin mutunci su ƙoshi. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce kada ya yi ba. Da safe ya hau bayan babur ɗin Kashim suka tafi.

Ƙauyen ya karɓe su kamar sun dawo daga Makka. Aka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, aka kawo ruwa da fura. Bulama ya riƙe hannun Sajo da hannu biyu ya ƙi saki. Ya ce a daren da abin ya faru matarsa Falmata tana ɗakin jego, da naman nan aka yi mata farfesu har ta yi arba'in tana sa masa albarka. Ya ce akwai gidajen da rabonsu da nama tun Layya. Liman ya karɓe, yana ba da labarin yadda suka yi tsere da mutuwa, yadda kowane sa ya harba ƙafa, jini ya yi tsartuwa. "Allah ya dube mu ranar nan," in ji shi. "Na yi ta tsoron kada ɗaya ya kuɓuce mana a shigar da shi cikin naman ba a sani ba. Amma na bi su da idona."

Kashim ya gyara murya. "Allah ya gafarta malam, dama abin da ya kawo mu..."

"Godiya muka zo," Sajo ya katse shi. "Ranar nan hankalina ba ya jikina, ban yi godiya ba. Allah ya saka."

Suka sha furar suka tashi. Daga ranar Kashim bai ƙara kiransa bawa ba, sai Malam Sajo, kuma kafin shekara ta zagayo ya sauke allon laimar ya koma sayar da kayan babur.

Sajo ya sa gonar a kasuwa ana gab da shuka, lokacin da kowa ya san mai sayarwa a matse yake. Wani ɗan kwangila ya saya. Inshorar gonar ma ba ta ƙare ba a lokacin, saura watanni, ga duk amfanin da ta yi masa. Ya tara masu turke a zaurensa ya raba musu abin da aka samu gwargwadon san kowa, bai cire wa kansa ko na cefane ba. Bai kai rabin abin da kowa ya rasa ba. Suka karɓa, wasu da godiya, wasu da ƙunƙuni, kuma ba wanda ya ƙara kawo masa igiya.

Rabon Ya Kaka ba zai sayi kwano ba, ba zai sayi hatsin shekara ba. Ya rasa yadda zai miƙa mata shi a tafin hannu, sai ya shiga kara ya zaɓi wani jan maraƙi mai ƙashin girma, ya ja shi a ƙasa har Mamudo yana ɗingishi.

Ya same ta tana shanya tabarmarta da ruwan jiya ya jiƙa. Ta dubi maraƙin, ta dube shi. Ya durƙusa ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Na ji komai. Kai ka yanka shi?"

"Ni na yanka, Ya Kaka."

"To, madalla."

Ta zagaya maraƙin a hankali, ta taɓa haƙarƙarinsa, ta buɗe bakinsa ta duba. Sannan ta juyo ta ce, ba da faɗa ba, "Sajo, damina uku. Kana ganin ina da su?"

Ta karɓi igiyar ta ɗaure a turke, ta ɗauki ƙwarya da lauje, ta fita neman ciyawa a duƙe, tana dafa bango.